Takardar da Abba Ya Ajiye Kwafinta

Kwana arba'in da uku ke nan da bangon ɗaki ya faɗo wa Abba, amma har yau ina jin ƙarar bironsa.

Tas, tas. Sau biyu. Haka yake buga gindin biro a kan tebur kafin ya sa hannu a kowace takarda. Ina shara zan ji, ina wanke-wanke zan ji, da rana tsaka, daga wajen da ɗakinsa yake a da, inda yanzu babu komai sai tarin jar ƙasa da tamfol ɗin da aka rataya don kada masu wucewa su riƙa leƙenmu.

Ban faɗa wa kowa ba. Umma tana takaba, abin da ke kanta ya ishe ta.

Abbana, Malam Isiyaku, shekara goma sha tara ya yi yana aikin ajiyar takardu a jami'ar nan ta Wudil, kuma aikin ya bi shi har gida. Ba ya yarda da maganar baki. Duk takardar da zai ba mutum sai ya yi ta biyu, ya ba ka ɗaya, ka rubuta a ƙasan ɗayar cewa ka karɓa, ka sa hannu da kwanan wata, shi kuma ya adana. Mun sha yi masa dariya. Umma takan ce wata rana tuwon dare ma sai ta sa hannu kafin ya ci.

Gidan da muke ciki na Alhaji Babba ne, mai gidajen haya a cikin gari da gonaki a Achika. Shekara goma sha ɗaya muna zaune a ciki. Ɗansa Jamilu shi ne mai kula da gidajen, kuma shi ne wanda nake so. Ba sai na ja zance ba. Ya zo duba famfo, ya dawo duba famfon da babu abin da ya same shi, ya sake dawowa, har Abba ya ce famfon nan ya fi majinyaci samun 'yan dubiya.

Alhaji ya ƙi. Ya ce ba zai haɗa zuri'a da 'yan haya ba, baƙin da aiki ya kawo, waɗanda gobe za su naɗe tabarmarsu su ƙara gaba. Shekara biyu Jamilu yana bin ƙafar kawunnansa, ni kuma ina kuka a bayan ƙyaure. Sai a daminar bana Alhaji ya sauko, ya ce in an yi girbi za a kawo gaisuwa.

Ba a kai girbin ba. Ranar wata Laraba bayan la'asar, ana ruwa tun hantsi, Abba yana zaune a tebur yana sauraron rediyo, bangon gabas ya kwanto masa. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, kuma tun farkon damina muke kallon tsagarsa tana buɗewa. Ni na fara isa wajen. Abin da na gani ba zan faɗa ba.

Ranar Litinin ɗin da ta wuce, da hantsi, Ƙasimu dillali ya yi sallama ya miƙo takarda daga Alhaji. An ba mu kwana bakwai mu tashi, za a rushe gidan a sake gini. Wannan bai ƙona mini rai kamar layin ƙarshe ba. Wai marigayi ne ya jawo faɗuwar bangon, domin ya ga tsaga ya yi shiru bai sanar da mai gida ba, har ruwa ya cinye gindin ginin.

Abba ne wai ya yi shiru. Mutumin da ko kwan fitila ya mutu sai ya rubuta.

Kafin azahar maganar ta zaga unguwa. A wajen niƙa na ji wata tana cewa ai mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma sakaci ne ya kashe shi. Na dawo gida ban niƙa komai ba.

Umma ta sa aka kira Yaya Anas, ɗan yayarta Inna Mairo, wanda yake aikin lauya a Kano. Ya zo da yamma cikin farar shadda, ya zauna a tabarmar tsakar gida, ya karanta takardar sau biyu, ya yi ɗan murmushin da yake ba ni haushi tun muna yara.

Ya ce maganar kwana bakwai wasa ce. Mai hayar shekara wata shida ake ba shi a rubuce, kuma ko bayan nan ba dillali ke fitar da mutum ba, kotu ce. Mai gida ba shi da ikon cire mana ƙofa ko kwanon rufi don mu gaji mu tashi. Umma ta sauke ajiyar zuciya, domin abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne a fitar da ita daga gidan da mijinta ya rasu alhali ba ta gama takaba ba.

"Amma maganar bango daban ce, Inna," ya ce da Umma. "Yarjejeniyarku ta ce babban gyara na mai gida ne, idan ɗan haya ya sanar da shi ko wakilinsa a rubuce. In akwai takarda, Alhaji ba shi da bakin magana. In babu, maganarsa ce za ta zauna. Zai ce ɗan haya ne ya bar gini ya lalace, kuma da wannan zai iya shiga kotu."

"Ya rubuta," in ji Umma. "Na ga lokacin da yake rubutawa."

"Ina kwafin?"

Babu wanda ya sani. Mun tone ƙasar ɗakin tun ranar sadakar uku, abin da muka samu duk ya zama taɓo.

Da zai tafi ya tsaya da ni a soro. Ya ce in buɗe idona, mutanen da suka ɗora wa ubana laifin mutuwarsa ba dangin zama ba ne. Ya ce shi bai taɓa janye maganarsa ta neman aurena ba, yana da gida a Kano wanda ba na haya ba, Umma ma da ɗakinta a ciki. Na ce na gode. Inna Mairo kuwa ba ta da wannan kawaicin, kullum sai ta bugo waya ta yi wa Umma faɗa a kan Jamilu, har wayar ta yi zafi.

Umma ba ta girgiza ba. A gabana ta ce da yayarta, laifin uba ba ya hawa kan ɗa. Ta ce Jamilu da hannunsa ya tone ƙasar nan har farcensa ya cire, shi ya ɗauki gaban makara, kuma tun daga ranar bai fasa zuwa gaishe ta ba.

"Malam ya yarda da yaron nan," ta ce. "In na fita takaba, ko Alhaji ya so ko ya ƙi, ni na ba shi."

Da wannan maganar nake rayuwa. Ita nake tunawa duk lokacin da biron ya buga.

Yau Alhamis, saura kwana huɗu wa'adin Alhaji ya cika, Malam Tasi'u abokin aikin Abba ya kawo kwali ɗaure da igiya, kayan da aka kwashe daga teburinsa na ofis. Ya gaisa da Umma daga bayan labule, ya yi addu'a mai tsawo, ya tafi. Umma ba ta iya taɓa kwalin ba. Ta ce in kai ɗakina in duba, ita za ta yi sallar walha.

Akwai carbinsa, da kofin shayinsa, da hular da muka daɗe muna nema. A ƙasa akwai koren fayil, an rubuta a bayansa da kyakkyawan rubutun nan nasa: Gida.

Na buɗe. Takardun shekara goma sha ɗaya a jere, kowace a muhallinta. Biyu na ƙarshe su nake nema. Ta farko ranar tara ga Yuli, yana sanar da mai gida cewa bangon gabas ya tsage daga sama har ƙasa, yana roƙon a gyara kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ta biyu tunatarwa ce, ranar ashirin da uku ga wata, ya ce tsagar yanzu hannun mutum yana shiga.

Na yi hamdala da ƙarfi. Har na miƙe zan kira Umma, sai idona ya sauka ƙasan takardar.

Na karɓa. Jamilu Babba.

A ta biyun ma haka. Sa hannun nan mai jela da na sani fiye da nawa.

Na zauna a ƙasa. Abin da ya dawo mini shi ne ranar ashirin da ukun. Jamilu ya zo da yamma da ledar kifi daga bakin kogi. Abba ya kira shi ɗaki, can sai na ji ya ce, "Hidaya, kawo biro." Ni na kai. Na tsaya a bakin ƙofa ina yi wa Jamilu gwalo yana danne dariya yana sa hannu, ban ko tambayi takardar mece ce ba. Da ya tafi, Umma ta ce da Abba ya dawo falo da zama har a yi gyara. Abba ya ce babu buƙata, yaron nan mai amana ne, tunda ya sa hannu cikin satin nan za a turo magina.

Tas, tas. Wannan karon kamar a bayan kunnena.

Na ɗauki waya na ce ya zo yanzu. Bai tambayi dalili ba.

A soro na same shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ni kuwa duk kwanakin nan ina zaton tausayinmu ne yake cinsa. Ya fara gaisuwa, yaya Umma, yaya ƙarin haƙuri, ban amsa ba. Na buɗe fayil ɗin na riƙe a gabansa.

Bai kai hannu ba. Ya dubi takardar, ya jingina da bango, ya zame har ƙasa.

"Na san akwai kwafi," ya ce. "Kullum na zo gidan nan sai in ce yau za a gani."

"Ka kai wa Alhaji?"

Ya kawar da kai.

"Jamilu, tambayarka nake. Ka kai masa?"

"Ban kai ba."

Na ɗauka zan yi ihu. Ban yi ba. Na ce ya gaya mini dalili, kuma kada ya kuskura ya rage komai.

Ya ce takarda ta farko ta zo kwana biyu bayan Alhaji ya amince da maganarmu. Ya ce na san halin Alhaji, abin da ya tsana a duniya shi ne ɗan haya ya rubuto masa takarda da turancin ofis yana ambaton yarjejeniya. Ya taɓa korar wani malami a kan haka. Da ya ga wannan takarda zai ce ga irin surukan da aka nemo masa, tun ba a kawo gaisuwa ba sun fara yi masa barazanar kotu, shi ke nan shekara biyun nan ta tafi a banza.

"Sai na ce bari in riƙe. Ni da kaina zan gyara, ba sai ya sani ba. Na yi magana da magini, ya ce ba a taɓa ginin ƙasa ana tsakiyar ruwa, a bari ya ɗan tsagaita. Wallahi, Hidaya, simintin yana nan a shagon abokina har yau."

"Ta biyun fa? Wadda ya ce hannun mutum yana shiga?"

"Na sa ta inda na sa ta farkon."

"Me ya hana ka ce masa ya bar ɗakin? Kalma ɗaya, Jamilu. Abba, ba a samu magini ba tukuna, ka koma falo. Me ya hana?"

Hawaye suna bin gemunsa. Ya ce kunya ya ji. Ya ce Abba ya dube shi ranar ya kira shi ɗana, kuma bai iya buɗe baki ya ce masa yana tsoron ubansa ba.

Kukan da nake riƙewa ya ƙwace. Na ce masa kwana arba'in da uku ina tsine wa Alhaji a zuciyata, ashe tsohon gaskiya yake faɗa, babu takardar da ta je hannunsa. Na ce ya zauna yana ji ana cewa ubana sakaci ne ya kashe shi, a wajen niƙa, a bakin masallaci, shi kuma yana zuwa yana durƙusa wa Umma tana sa masa albarka.

"Na yi niyyar faɗa ya fi sau ɗari," ya ce. "Ranar da Ƙasimu ya kawo notis ɗin nan na shiga wajen Alhaji da takardun a aljihuna. Na tsaya a gabansa. Sai na tuna in na faɗa na rasa ki, na fito."

"Saboda ni ke nan."

"Duk abin da na yi saboda ke na yi."

"Kada ka ƙara faɗar haka." Na goge fuskata da gefen hijabi. "Kada ka ɗora mini. Ni na kai biron, shi kaɗai ya ishe ni ɗauka har in mutu."

Daga cikin gida ina jin Umma tana jan carbi, ƙwaya tana bugun ƙwaya.

Abin kunyar da zan faɗa shi ne, ko a lokacin ina sonsa. Ina kallon yatsansa da farcen bai gama fitowa ba, zuciyata tana ce mini babu wanda ya ga fayil ɗin nan sai ni. Yaya Anas ya ce ko babu takarda ba za a fitar da mu cikin kwana bakwai ba. Umma za ta iya gama takabarta ana jeka-ka-dawo a kotu. Maganar mutane kuwa tana tsufa, baɗi war haka wa zai tuna wanda ya yi sakaci? Murhu yana nan da wuta a tsakar gida, takarda biyu ce kawai.

Kamar ya ji abin da nake saƙawa, ya ɗago.

"Zan roƙi Alhaji ya janye notis ɗin. Zan riƙe ƙafarsa. Zan gina ɗakin da hannuna, in riƙe Umma kamar ita ta haife ni. Ba na ce ki ƙona ba, Hidaya. Ki ajiye kawai. Ki ba ni lokaci."

Na dube shi sosai.

"Haka ka ce da ta farko," na ce. "Bari in riƙe."

Ya sunkuyar da kai.

Na juya na shiga gida. Murhun yana hannun dama, ɗakin Umma yana hagu, tarin ƙasar yana tsakiya, iska tana kaɗa tamfol. Na tsaya a nan ban san iya tsawon lokaci ba. Na tuna yadda Abba yake lasar yatsa kafin ya juya shafi. Shekara goma sha tara babu takardar da ta taɓa ɓata a hannunsa, kuma ya ɗauki wannan ya kai ofis ya adana, don ya san ɗakin yana yoyo.

Na bi hagu.

Umma tana kan dadduma cikin farin mayafinta. Ta dubi fuskata, ta dubi koren fayil ɗin, carbin ya tsaya a hannunta.

"Kin samu?"

"Na samu, Umma. Har guda biyu."

Ta ɗaga hannu sama, leɓenta yana motsi, hawaye suna zuba. Tun rasuwar ban ga haske a fuskarta ba sai yau.

"Na faɗa musu ya rubuta," ta ce. "Na faɗa musu. Kira mini Anas. A'a, tsaya tukuna, tabarauna ya fashe, karanta mini in ji maganarsa."

Na durƙusa a gabanta na karanta. Bangon gabas, tsaga daga sama har ƙasa, hannun mutum yana shiga. Tana gyaɗa kai kamar shi ne yake magana. Da na kai inda ya sa hannu na tsaya.

"Sai na ƙasan," in ji ta. "Malam ba ya ba da takarda ba a sa masa hannu ba. Wa ya karɓa? Ƙasimu ne?"

"A'a."

"Alhajin da kansa?"

"A'a, Umma."

Ta zuba mini ido. Na ga lokacin da ta fara ganewa, na ga tana roƙona da ido kada in faɗa. Na faɗi sunan.

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta miƙo hannu ta karɓi fayil ɗin, ta shafa rubutun da ke bayansa, ta sa shi ƙarƙashin daddumarta.

"Shi ne na ji muryarsa a soro?"

"Shi ne."

"Jiya na zuba masa abinci a kwanon Malam," ta ce a hankali. Sannan ta dube ni. "Na yi miki alƙawari, Hidaya. Ki yafe mini, na janye. Je ki sallame shi, ki dawo ki kira Anas."

Na tashi. Ƙafafuna suka kai ni tsakar gida, na wuce tarin ƙasar, na kasa kunne kamar yadda na saba. Babu komai. Tamfol kawai yake motsi. Na tsaya na jira, na ƙara jira, biron bai buga ba, kuma na san ba zai sake bugawa ba.

Jamilu yana nan inda na bar shi, a durƙushe. Ya ɗago ya dubi hannuna, ya ga babu fayil.

Na cire zoben azurfar da ya ba ni na ajiye a kan dakalin soro, kusa da gwiwarsa.

"Ɗauka," na ce. "Wannan ba sai ka sa hannu ba."